Ku Dawo Mini da Murmushina Kafin Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda na lura tun da aka kira ni yake ja da kujerarsa baya kaɗan-kaɗan. Mai girma babban baƙo da uwar taro. Iyayenmu dattawa da ke sahun gaba. Daraktan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, wanda zan daɗe a kansa yau, don haka gara ya gyara zama. Abokan wasana maza da mata. Masu ɗinka mana kaya, masu jan labule, masu share dandamali. Mai hoto da ke tsugune can gefe. 'Yan kallonmu masu albarka, waɗanda suka shekara ashirin suna jifana da ɓawon lemo ba su gaji ba, hannunsu bai taɓa kuskure ba. Da duk wanda ya taka ƙafarsa ya shigo zauren nan da ranar nan, ina yi muku sallama irin ta mutumin kirki, ko da yake na san rabinku ba za su yarda ba.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana cikar ƙungiyar nan shekara ashirin muna raye, muna tafiya da ƙafafunmu. Ina gode wa kwamitin shirya biki da ya ga ya dace a kira ni gaban jama'a a miƙa mini wannan allon yabo, mai nauyi, mai sheƙi, wanda aka rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe: Gwarzon Mugu na Shekara Ashirin. Katako ne mai kyau, babu laifi, wanda ya sassaƙa shi ya iya aikinsa. Ina kuma gode wa Darakta da ya sanar ɗazu, ba tare da ya shawarce ni ba, cewa an sabunta mini matsayin mugu na wasu shekaru biyar, kuka yi ta tafi kamar an yi mini albishir da gida.

Ga wanda yau ne farkon ganinsa da ni, ni mai aski ne. Shagona yana bayan tashar mota, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da katifa. Kujera biyu, madubi uku, benci ɗaya na masu jira. Wannan ita ce sana'ata. Mugunta kuwa aikin yammacin Asabar ce kawai, a kan dandamalin nan, daga ƙarfe huɗu zuwa shida. Haka muka shirya da farko, amma yanzu ta bi ni gida, kuma abin da ya tsayar da ni gabanku ke nan.

Ranar Asabar mai zuwa, kwana shida daga yau, 'yata Auta za ta karɓi takardar kammala makarantar koyon aikin jinya. Za a yi hoto, kowace ɗaliba a tsakiyar iyayenta, a manna ɗaya a bangon makaranta, a ba mu ɗaya mu rataye a falo. Mako biyu da suka wuce, da safe ina shan shayi, yarinyar nan ta zo ta durƙusa gabana tana murza yatsunta. Ta ce, "Baba, ina da roƙo, amma kada ka yi fushi." Na ce, "Faɗi, Auta, ko takalmi ne?" Ta ce, "Ba takalmi ba ne. Don Allah, ranar hoton nan, kada ka yi murmushi." Ta ce rabin 'yan ajinsu sun taso ne suna kallon wasanmu, kuma akwai wadda har yau idan ta hango ni a titi sai ta tsallaka ɗaya gefen. Ta ce ba ta so a riƙa nuna hotonta a bango ana cewa ga yarinyar da mugu ya kama.

Jama'a, an jefe ni da takalmi a dandamalin nan. Wata tsohuwa ta taɓa hawowa har sama ta zabga mini jakarta a ƙeya. An tsine mini da babbar murya daga sahun baya, ni da zuriyata. Wallahi duk ban taɓa jin zafinsu ba, har daɗi nake ji, domin na san aiki ya yi kyau. Amma maganar yarinyar nan ta shige ni, shayin ma ban ƙarasa shi ba. Saboda haka yau ba karɓar allo na zo yi ba. Na zo ne in kai ƙara, kuma zan bi maganata daki-daki.

Batu na farko: yadda aka yi murmushin nan ya hau fuskata.

Waɗanda suka manyanta a cikinku za su tuna cewa shekara ashirin da suka wuce zauren nan tsawonsa ɗaya da na yau, amma lasifikarsa guda ɗaya ce tal, ita ma tarinta ya fi maganarta yawa. Wasan farko da ƙungiyar nan ta yi, labarin wani mugun maƙwabci ne da ya toshe kwata ya karkatar da ruwan zuwa cikin gidan wata tsohuwa. To, mutanen sahun baya ba sa jin ko kalma ɗaya. Abin da suke gani kawai, ga mutum nan cikin tsabtatattun kaya, ya ɗauki shebur yana haƙa kwata tsakaninsa da Allah. Suka ce kai, madalla da wannan bawan Allah mai aikin gayya! Suka ɓarke da tafi. Da jarumin wasa, wato Dogo, ga shi can zaune a sahu na biyu, ya fito ya shaƙe wuyan mugun, sai zaure ya yamutse. Aka yi wa Dogo ihu, aka ce ya sakar musu mutum, har wani ya ɗago kujera. Ranar da ƙyar aka fitar da shi ta ƙofar baya, Darakta kuma ya zauna a kan akwatin kaya ya dafe kai.

Washegari aka kira ni in yi wa 'yan wasa aski. Ni a lokacin babu ruwana da wasa, ko kallo ban cika zuwa ba. Da safen ranar kuwa an cire mini haƙori, an yi mini allurar kashe zafi, an cusa mini auduga a kunci, rabin fuskata ya mutu murus. Na shigo bayan labule da jakata, na ga Darakta yana shan shayi, na yi masa sallama, na yi masa murmushi irin na gaisuwa. Ashe gefen hagu ne kaɗai ya tashi, na dama yana kwance. Sai na ji kofi ya faɗi ƙasa. Darakta ya miƙe a hankali ya ce, "Sake." Na sake. Mai ɗinka mana kaya ta saki allura ta shige bayan labule. Darakta ya kama hannuna biyu ya ce, "Bawan Allah, ina ka ɓuya duk shekarun nan?"

A ranar aka kafa dokar nan da kuka sani. Darakta da hannunsa ya rubuta ta da fenti a bangon bayan dandamali: mugu kaɗai ke murmushi, mutumin kirki ya ɗaure fuska. Hikimarsa ita ce, ko mutum yana can bakin ƙofa bai ji komai ba, da zarar ya ga haƙori ya san wanda zai jefa.

Matsala ɗaya aka samu. Da allura ta sake ni, murmushin ya tafi, fuskata ta koma ta mutane. Sai Darakta ya ce ai wannan mai sauƙi ne, za a koya mini shi da ƙirga. Ɗaya, leɓen hagu ya hau. Biyu, girar dama ta sauko. Uku, haƙori guda ya leƙo, guda ɗaya fa, in biyu suka fito ya zama gaisuwa. Sannan ido ba zai ƙifta ba sai an ƙirga bakwai. Na koma shago, duk lokacin da babu kowa a kujera ina gaban madubi ina ɗaya, biyu, uku. Wata shida na yi ina wannan aikin har ya zauna daram. Ni da nake zaton kaya ne da zan riƙa sawa ranar Asabar in cire ranar Lahadi!

Yanzu ku saurari abin da ya fi ci mini rai. Lasifikar nan an gyara ta shekara goma sha bakwai da suka wuce. Yau guda shida ne a zauren nan, ku ɗaga kai ku ƙirga. Ko mutum ya yi atishawa a kan dandamali sai an ji shi a bakin titi. Shekara goma sha bakwai kowa yana jin kowace kalma, kowa ya san mugu daga bakinsa, amma babu wanda ya tuna ya ɗauko buroshi ya goge dokar nan. Har sabon fenti aka yi mata bara, na gani da idona.

Batu na biyu: abin da dokar nan ta yi wa garin nan.

Ku fara da sana'ata. Ku kwatanta a ranku: mutum ya shigo ya zauna, na ɗaura masa ƙyalle a wuya, na kwantar da kansa baya, na shafa masa sabulu, na ɗauko reza na buɗe ta. Ana cikin hira sai ya ce mini, "Af, ban faɗa maka ba, an ƙara mini girma a wurin aiki." To, me ɗan Adam zai yi? Na taya shi murna, na yi murmushi. Madubi uku ne a shagon, na faɗa muku. Bawan Allah ya ɗaga ido ya ga mugaye uku, kowanne da reza a hannu, kowanne haƙori ɗaya a waje. Ban san lokacin da ya bar kujerar ba. Na dai hango shi ya sha kwanar mai katifa, rabin gemu a aske, rabi da kumfa, ƙyallena yana kaɗawa a bayansa. Bayan kwana uku matarsa ta kawo mini ƙyallen a wanke, a goge, ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

Ba ni kaɗai dokar ta ci ba. Ku dubi Dogo. A'a, ku dube shi da kyau, ba zai cije ku ba, shi ne mutumin kirkin. Shekara ashirin yana ceton marayu a dandamalin nan da fuska a murtuke, har ta ƙage a haka. Ranar da matarsa ta haifi tagwaye ina tare da shi a asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta fito da gudu ta ce, "Albishirinka, biyu ne, kuma duk lafiya!" Dogo yana murna har ya matse mini hannu, ni na sani domin ni nake riƙe da shi, amma fuskar nan kamar an ce masa motarsa ta faɗa rami. Surukarsa ta dube shi ta ce, "In ba ka so, sai ka faɗa, mu kwashe abinmu." Ni kuma da na ga abu zai lalace sai na matso in gyara, na yi wa tsohuwar murmushi. Daga nan aka kira masu gadi.

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da zan faɗa yanzu. Kun koya wa mutanen garin nan cewa mugu yana zuwa da alama a fuska, kuma sun yarda, har ni da nake cikin sana'ar na yarda. Watannin baya wani mutum ya shigo shagona da jakar kayan aiki, ya ce ya zo duba wayoyin lantarki. Fuskarsa a ɗaure tamau, ko Dogo albarka. Na ce a raina, kai, wannan mutumin kirki ne na gaske, dubi yadda ya haɗe rai. Na ba shi kujera, na ce bari in sayo masa ruwan sanyi. Kafin in dawo, injin askina biyu sun yi ƙafa, har da sabon almakashi. Na tambayi maƙwabcina mai gyaran takalma ko ya ga wani abu. Ya ce, "Na gan shi mana, ni na ma taya shi tsayar da babur." Na ce, "Ka ga mutum ya fito da injina a hannu, ka tsayar masa da babur?" Ya ce, "To ai ba ya murmushi."

Na tafi ofishin 'yan sanda kai rahoto. Na shiga, na yi sallama, na gaishe da jami'in da ke kan kanta cikin ladabi da fara'a. Ya dube ni, ya ajiye biro, ya ce, "Zagayo ta nan." Awa biyu ina bayan kanta ana tambayata inda na kai injinan.

Batu na uku, kuma shi ne mai zafin: gidana.

Uwar 'ya'yana tana nan, ga ta can kusa da taga ta sunkuyar da kai, ta ce in na ambace ta ba za ta dafa abincin dare ba, to na ambata. Baiwar Allah nan ta yi haƙuri. A gidanmu akwai doka, ba a rubuce ba amma kowa ya san ta: ba na murmushi a kan abinci. Dalili kuwa, wata rana ta yi girki ya yi daɗi ƙwarai, na ɗanɗana, na ɗago kai na yi mata murmushi don in yaba. Ta ajiye cokali. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ce, "Me ka zuba a ciki?" Na ce, "Ni? Ke fa kika dafa!" Ta ce, "Na sani, amma na fita ɗauko ruwa." Ranar kowa burodi ya ci.

Ita kaɗai ce a duniyar nan ta san murmushina na asali da kyau, domin ta ce saboda shi ta aure ni, ba don kyau ba, ba don shago ba. Bayan maganar Auta na zaunar da ita na ce, "Don Allah kwatanta mini shi, yaya yake?" Ta ƙura wa fuskata ido. Ta ce, "Irin na mutumin da ya tsinci abin da ya daɗe yana nema ne." Na ce, "Yaushe rabonki da shi?" Ta ce, "Auta tana goye." Sai ta tashi ta shiga kicin, ta kunna famfo, alhali babu abin wankewa. Jama'a, na ji kunya, kuma na ji tausayin matar nan.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Mako biyun nan babu inda ban buga ba. Na je wurin likitan haƙori, tunda daga can abin ya samo asali. Ya ce in yi murmushi ya gani. Na yi. Ya ce, "Haƙoranka lafiyarsu ƙalau, amma don girman Allah rufe." Na ɗauko tsohon hoton aurenmu na jingina a jikin madubi ina kwaikwayon kaina, sai leɓen hagu ya riga ni tafiya, gira ta biyo shi, ko shawara ba sa yi da ni. Na riƙe girar da yatsa, haƙorin ya fito shi kaɗai. Na ce bari in gwada a kan wanda bai taɓa kallon wasanmu ba, sai na samu kyanwar gidanmu tana kwance a kan tabarma. Na tsuguna na kira ta, na yi mata a hankali. Yau kwana tara tana gidan maƙwabta, ana ba ta abinci a can, in ta hango ni sai ta hau katanga.

Daga ƙarshe na koma wurin wanda ya ɗaura, na ce ya kwance. Darakta, ka tuna ranar Laraba? Ka ce mini wannan ƙaramin aiki ne, tunda da ƙirga aka sa shi, da ƙirga za a cire shi. Ka ce ɗaya, leɓen hagu ya hau. Biyu, na dama ya bi shi. Uku, gira duka biyu su tashi sama. Huɗu, haƙora su fito gaba ɗaya. Na bi umarninka tiryan-tiryan. Da na kai huɗu, me ka yi? Faɗa musu mana. Tsalle ya yi, jama'a! Ya rungume ni ya ce, "Tirƙashi! Wannan ai mugun da ya riga ya yi nasara ne! Da shi za mu buɗe sabuwar kakar wasanni!" Na je neman magani, na dawo da mugunta kashi biyu, kuma a kanta ne aka ƙara mini shekara biyar ɗin da kuka yi wa tafi.

Saboda haka, mai girma shugaba, ga batu na huɗu, wato roƙona, kuma ina yin sa a gaban iyayenmu domin su zama shaida.

Ina roƙo a karɓi allon nan a mayar. Ba raini ba ne, Allah ya sani, amma in na kai shi gida ban san bangon da zan rataye shi ba. Ina roƙo a ɗauko farin fenti yau ɗin nan, kafin a watse, a shafe dokar da ke bayan dandamali, a bar mutumin kirki ya yi dariya in abin dariya ya zo, a bar mugu ya zo da irin fuskar da mugaye ke zuwa da ita, wato irin ta kowa. Ina roƙo a ba ni matsayin mutumin kirki ko sau ɗaya kafin in mutu. Ban ce jarumi ba, ban isa in ƙwace wa Dogo abincinsa ba. Ko mai wucewa ne, in fito ta dama in ce sannunku da aiki in fice ta hagu, na karɓa. Ko mara lafiya ne a kwance a kan gado, a lulluɓe ni har ka, na karɓa. Ku ba ni wata shida ina mutumin kirki kamar yadda kuka ba ni wata shida ina koyon mugunta, ku gani ko fuskar nan ba za ta tuna hanyar gida ba.

Na sani, wata shida ba kwana shida ba ne. Asabar ba za ta jira ni ba. Shi ya sa nake da roƙo na ƙarshe, kuma wannan ku 'yan kallo nake yi wa. Duk gwajin da na yi, a gaban madubi na yi shi, ko a gaban mutum ɗaya mai shirin gudu. Ban taɓa gwadawa a gaban jama'ar da suka san zuciyata ba. Yanzu kun ji labarina, kun san ba ni da niyyar toshe kwatar kowa. Zan yi murmushi sau ɗaya, a nan, yanzu. Ina roƙonku ku daure ku zauna. Mai ɓawon lemo a hannu ya ajiye shi ƙasa. Masu gadi, ku bar ƙofa a buɗe, kada a ce na kulle mutane. Mai hoto, matso kusa ka saita, in ya fito daidai ka ɗauka, in samu abin da zan riƙa dubawa kafin Asabar. Auta tana can baya tare da yayyenta, na gan ki, kada ki ɓuya.

To, bismillah. Ba zan ƙirga ba. Ga shi nan.

Mai girma shugaba, hularka ta faɗi. Hajiya uwar taro, sauko da jakar daga fuskarki, an gama. Na gani, na gani, bai yi ba. Tun kafin in kai rabi na ji girar ta sauko. Ku yi haƙuri, wanda ya zubar da ruwansa a kawo masa wani.

Dakata. Dogo, me kake yi? Me ya samu bakinka? Jama'a, ku dubi Dogo! Wai taya ni yake yi, wai murmushi yake mayar mini don kada in ji kunya ni kaɗai! Kai, Dogo, bari! Bari don Allah, za ka ji wa kanka ciwo! Leɓen sama ya naɗe, hanci ya tafi gefe guda, ido ɗaya ya rufe! Ku dubi mutanen sahu na biyu, duk sun dare sun bar shi shi kaɗai a kan benci! Shekara ashirin ana guduna, yau ga shi ana gudun jarumi, har wasu sun nufo wajena neman tsari! Wayyo cikina! Dogo, ka rufa mana asiri, mayar da ita yadda take!

Me? Me kika ce? Ku yi shiru, uwar 'ya'yana tana magana. Ta miƙe tsaye tana nuna ni. Wai ga shi nan? Wai murmushina na asali ne? Yanzu? A fuskata? Mai hoto, ɗauka! Ɗauka maza! Ina mai hoto?

Yana ƙarƙashin tebur. Tun murmushin farko ya shige, bai fito ba.

Shi ke nan, ya tafi. Na ji lokacin da ya tafi, da na tuna da shi sai leɓen hagu ya karɓe aiki. Amma ya zo, ko ba haka ba? Kun gan shi? Ashe yana nan, bai mutu ba. Ni kaɗai ne a zauren nan ban gan shi ba.

Auta, na ga kin ɗaga hannu. Yi magana da ƙarfi, 'yata, ba na jin ki. Ku ba ta hanya ta matso. Na'am?

Jama'a, ku ba ni minti ɗaya. Wani abu ya faɗa mini a ido.

Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ta yi ta janye roƙonta. Ta ce ranar Asabar in zo da duk murmushin da ya samu, na hagun ko na asalin, ita za ta tsaya kusa da shi. Ta ce duk wadda ta tsorata da hoton a bango, ta zo ta same ta a ɗakin jinya, ta auna mata jini kyauta.

Ba ni da sauran magana.

Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah ya ja zamanin ƙungiyar nan, ya ba Darakta tsawon rai da kuma farin fenti. Allah ya warware wa Dogo fuskarsa a hankali, ba gaba ɗaya ba. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya sa su fi mu, ya sa kada su taɓa jin kunyar tsayawa kusa da mu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah ya kai mu Asabar.

Na gode.